Adaka, Martini-Henry ko Lee-Enfield: da wacce mai tara tsofaffin bindigogi zai fara?

Ƙanena da ke aiki a Leeds ne ya kira ni wata Asabar bayan la'asar, muryarsa cike da ɗoki. Ya shiga gidan adana makamai na Royal Armouries da ke garin da niyyar leƙawa kawai, sai ga shi ya shafe awa uku a ciki. Ya ce, "Yaya, ni fa abin nan ya shiga raina. Ina so in fara tara tsofaffin bindigogin soja, amma kuɗina na guda ɗaya ne. Da wacce zan fara?"

Ya san wanda ya tambaya. Ni da shi mun tashi muna ganin adakar kakanmu rataye a ɗakin da ke bayan zaure, kuma tun daga lokacin nake bin labarin irin waɗannan kaya. Amsar da na ba shi ce nake faɗaɗawa a nan. Bindigogi uku ne mutumin mu ke yawan karkata gare su: adaka, wato bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, Martini-Henry ta sojan Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya, sai Lee-Enfield ta yaƙe-yaƙen duniya biyu. Ba nau'i ɗaya ba ne, ba zamani ɗaya ba, kuma doka ba kallo ɗaya take yi musu ba.

Kafin kuɗi da kafin sha'awa, tambayar farko ita ce: a wace ƙasa bindigar za ta kwana?

A Ingila, dokar makamai ta 1968 ta ba mutum damar ajiye tsohuwar bindiga ba tare da lasisi ba, matuƙar don ado ko tarihi ya ajiye ta, ba don harbi ba. Ƙa'idojin da aka fitar a 2021 sun fayyace mece ce "tsohuwa": a ƙera ta kafin 1 ga Satumba 1939, kuma ta kasance mai ɗuri ta baki ko mai cin harsashin da ke cikin jerin waɗanda aka daina yayinsu. Harsashin Martini-Henry, .577/450, yana cikin jerin. Na Lee-Enfield, .303, ba ya ciki. A Amurka dokar tarayya da shekara take aiki: abin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan tsoho ne, ko da yake kowace jiha tana da nata ƙarin sharuɗɗan. Faransa ta ja nata layin a farkon 1900.

A Najeriya labarin daban ne ƙwarai, kuma ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan da kyau. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko haramtattu ne, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma an ambaci bindigar soja mai harsashin .303 ƙarara a cikinsu. Har ƙaramar bindigar hannu mai ƙanƙara, wato dutsen da ke ƙyasta wa albarushi wuta, wadda ta girmi kakan kakanka, tana wannan gidan. Wato tsufa ba ya wanke bindiga a idon wannan doka. Gida na biyu na bindigogin farauta ne, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Gida na uku shi ne na adaka da 'yan uwanta masu ɗuri ta baki da santsin ciki, kuma lamarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da amincewar gwamna. Mallaka ba bisa ƙa'ida ba na iya kai mutum ɗaurin shekara goma. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Ga kuma halin da Arewa take ciki. A da idan aka ce 'yan bindiga, zuciya kan tafi ga dakarun sarki masu ɗaga hayaƙi a gaban dawaki ranar hawan sallah. Yau kalmar ta koma sunan masu hana mu barci. Wanda ke son wannan sha'awa a gida dole ya riƙe ta a fili, da takarda, da sanin hukuma, ko ya haƙura da ita.

Bari in fara da adaka, don ita na fi sani da hannu.

Tamu doguwa ce, idan aka tsayar da ita ta kusa kai kafaɗar babban mutum. Ƙotarta ta yi baƙi saboda hayaƙi da gumin hannu, an buga mata ƙusoshin tagulla a jere, an naɗe wuyanta da jar fata wadda ta bushe ta zama kamar ƙaho. Akwai wata 'yar laya ɗinke a ƙasan bututun. A jikin ƙarfen da ke riƙe ƙanƙara, idan ka karkata shi ga hasken ƙofa, za ka ga inuwar kambin sarauta da wasu haruffa da suka kusa shafewa. Sau ɗari na sa babban yatsana a kan wannan kambi ina yaro, ban san me yake nufi ba.

Turawa suna kiran irin wannan bindiga da sunan 'yan Denmak, saboda fataken ƙasar da suka yi ta sauke ta a gaɓar tekun Ghana ta yau, inda suke da ganuwarsu ta Christiansborg a Accra. Amma mafi yawan waɗanda suka shigo daga baya ƙirar Birmingham ce ko ta Liège a Beljiyam. Wasu kuma sun biyo ta Sahara daga Tarabulus. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya shahara da tara bindigogi, har igwa da albarushi ake yi masa a Zinder. Rabeh da ya ci Borno a 1893 da ƙarfin bindiga ya ci ta. Amma akwai wani abu da ya kamata duk mai sayen adaka ya sani, don shi ne ke bayyana dalilin yawanta a ƙasarmu. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ya kama daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, ta bar musu mai ƙanƙara mai santsin ciki da albarushin kasuwa kawai. Duk ƙasar Hausa tana cikin wannan yanki. Shi ya sa lokacin da sojojin Lugga suka iso Kano a 3 ga Fabrairu 1903, da Sakkwato a 15 ga Maris, da Burmi a 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɓangare ɗaya yana da Maxim, bindiga mai aman harsashi ba tsayawa, da igwa, ɗayan kuma yawancinsa da takobi da mashi da kibiya da 'yan bindigogin toka. Idan ka riƙe adaka, wannan rashin daidaito ne kake riƙe da shi a hannu.

Wannan yarjejeniya kuma ita ce babban tarkon mai saye. Tunda kasuwar Afirka mai ƙanƙara aka bar mata, masana'antun Liège da Birmingham sun ci gaba da ƙera ta har cikin ƙarni na 20, bayan Turai ta manta da ita. Saboda haka ganin ƙanƙara a jikin bindiga ba hujja ba ce ta shekara ɗari biyu. Haka kalmar TOWER da kambi a jikin ƙarfen: wani lokaci daga rarar kayan sojan Ingila aka ciro shi aka haɗa da sabon bututu, wani lokaci kuma masu ƙera kayan fatauci ne suka buga don jan hankalin mai saye. Abin da ya fi amana shi ne hatimin gwaji, wato alamar da ake bugawa bayan an gwada ƙarfin bindiga, da ke gindin bututu, sau da yawa a ɓoye ƙarƙashin ƙota. Na Liège haruffan ELG ne cikin da'ira mai siffar ƙwai. Na Birmingham, wadda gidan gwajinta ya buɗe a 1813, sanduna biyu ne gicciye da kambi a sama. Idan babu hatimi ko ɗaya, kuma bututun ya yi kama da bututun ruwa, to ƙirar maƙeran gida ce, irin wadda ake kira harba-ka-ruga. Ita ma tana da darajarta a matsayin aikin hannu, amma ba kayan soja ba ce, kada dillali ya sayar maka da ita a haka.

Akwai wata doka ta biyu da ke hawa kan adaka. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki makamin da aka ƙera a gida kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, kuma ba a saye ko sayar da irinsa sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma fitar da shi waje sai da izini. Don haka na gaya wa ƙanena kada ma ya fara tunanin a aika masa da tamu.

A kasuwar gwanjo ta Turai adaka ba ta da tsada, sai in tana da tarihin da aka rubuta. Darajarta ba a ƙarfenta take ba, a labarin wanda ya riƙe ta take. Raba ta da labarin, ta zama tsohon ƙarfe da itace.

Martini-Henry akasin haka ce: ita labarinta a jikinta yake rubuce. Sojan Ingila ya karɓe ta a 1871. Sunanta haɗin mutum biyu ne, Friedrich von Martini ɗan Suwizalan da ya gyara na'urar ɗuri, da Alexander Henry ɗan Sikotilan da ya tsara murɗin cikin bututu. Harsashi ɗaya take ci a lokaci guda, ta baya: ka ja hannun da ke ƙasa, wani ƙarfe ya sunkuya, ka zura harsashi, ka mayar. Nauyinta kusan kilo huɗu. Da ita aka yi yaƙin Zulu na 1879, a Isandlwana inda Zulu suka murƙushe rundunar Ingila, da Rorke's Drift. Da ita aka yi yaƙin Afganistan na biyu, da Tel el-Kebir a Masar a 1882, da Abu Klea a Sudan a 1885. A Omdurman a 1898 bataliyoyin Masar da na Sudan ita suke riƙe da ita, Turawan kuma sun koma Lee-Metford. 'Yan uwanmu Hausawan Sudan za su ga cewa wannan bindiga ta taka ƙasar da suke zaune a kai.

Abin da ke sa na fi son ta ga mai farawa shi ne karatunta yana da sauƙi. A gefen dama na ƙarfen tsakiya za ka ga kambi, ƙarƙashinsa V.R., wato haruffan sunan Sarauniya Biktoriya, sannan sunan masana'anta, Enfield ko BSA ko LSA, sai shekara, sai lambar samfuri daga I zuwa IV. Samfuri na huɗu yana da dogon hannu, an tsawaita shi ne bayan kwanson harsashi ya yi ta maƙalewa a zafin Sudan. Akwai ƙaramar alama mai kama da sawun kaza, wadda ke nufin mallakar gwamnati. Idan biyu ne suna fuskantar juna, an sallame ta daga aikin soja an sayar. Haruffan DP na nufin ta koma ta fareti kawai. Mutum mai haƙuri da madubin ƙara girma zai iya karanta rayuwar bindigar a zama ɗaya.

Samunta ma ya yi sauƙi tun 2003, lokacin da wani kamfanin Amurka mai suna International Military Antiques da abokan cinikinsa suka sayi rumbun makaman masarautar Nepal da ke wata tsohuwar fada a Kathmandu, bindigogi sama da 50,000, da yawansu Martini-Henry da Ingila ta ba Nepal. Sai dai a cikin kayan akwai Gahendra, ƙirar Nepal ce mai kama da ita, ba ita ba ce, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

Jabu kuwa ya yi mata yawa. Maƙeran yankin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun fi shekara ɗari suna kwaikwayon ta, har da hatiman. Ni kaina na taɓa faɗawa. A wani baje-kolin tsofaffin kaya wani dillali ya miƙo mini wata Martini mai kyan gani, farashinta ƙasa da na saura, ya rantse ta Enfield ce. Na riga na ba da kafin alƙalami kafin wani dattijo da ke tsaye kusa ya ce in sake duba shekarar. V.R. ne a sama, 1913 a ƙasa. Sarauniya Biktoriya ta rasu a Janairun 1901. Babu yadda za a yi masana'antar gwamnati ta buga sunanta bayan shekara goma sha biyu. Da na ƙara dubawa, harafin N na cikin ENFIELD a juye yake. Kafin alƙalamina bai dawo ba, amma tun ranar ban sake sayen abin da ban karanta da idona ba. Araha ba ta ado, kuma ba a cinikin biri a sama: hoto biyu a intanet ba su isa ba, ka nemi na kowane hatimi, a kusa, da hasken rana. Ka kuma yi hattara da duk wadda aka ce tana ɗauke da lambar runduna ta 24, wadda ta yi yaƙin Zulu. Wannan lamba tana ninka farashi, shi ya sa ake buga ta a kan bindigogin da ba su taɓa ganin Afirka ba.

Lee-Enfield ba zan daɗe a kanta ba, duk da cewa ita ce ta fi taɓa zuciya. Ta fara a 1895, samfurin SMLE Mark III ya fito a 1907, sai No. 4 a lokacin yaƙin duniya na biyu. Harsashi goma take ɗauka. An ƙera sama da miliyan 16 a Ingila, da Ishapore ta Indiya, da Lithgow ta Ostireliya, da Long Branch ta Kanada, da Amurka. Irinta kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka rataya a dazukan Bama. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohon sojan Bama yana ba da labari zai so ya taɓa ta. Saboda yawanta, galibi tana cikin masu araha a bindigogin soja, kuma littattafan da ke bayanin hatimanta suna da yawa.

Amma a idon doka ba tsohuwa ba ce, makami ce mai rai. A Najeriya tana gidan haramtattu. A Ingila sai da cikakken lasisi da akwatin ƙarfe da 'yan sanda suka duba, ko kuwa ka sayi wadda aka kashe, wato aka toshe bututunta aka lalata na'urarta, tare da takardar shaida daga gidan gwaji na Landan ko na Birmingham. Wannan takarda ta ƙasar da ta bayar da ita ce. Kada wani ya ɗauka za ta wanke shi a gaban kwastam na filin jirgin Kano ko Abuja. Kuma wadda aka kashe ta rasa rabin abin da ke sa mai tarawa ya so ta, tunda an lalata cikinta. Ga mai son tunawa da kakansa na Bama, lambobin yabonsa, da littafin sallamarsa daga soja, da hotonsa cikin kaki sun fi kusa da shi fiye da wata bindiga cikin miliyoyi wadda bai taɓa riƙewa ba, kuma babu mai tambayarka lasisinsu.

To idan aka jera su, ga yadda nake gani. Wajen tabbatar da gaskiyar kaya, Martini-Henry ce gaba, Lee-Enfield na bin ta, adaka ce ƙarshe, don sau da yawa haɗe-haɗe ce ta zamani daban-daban. Wajen kusanci da tarihinmu, adaka ce gaba nesa ba kusa ba. Wajen riƙe daraja idan wata rana ka so sayarwa, Martini ta gaskiya mai cikakkun hatimai ta fi su tsayuwa. Wajen sauƙin doka kuwa amsar ta rabu biyu: a Ingila ko Amurka, Martini da adaka duka suna da sauƙi, a gida, adaka ce kaɗai ƙofar da ba a rufe ruf ba, ita ma sai an bi ta ofishin Kwamishina.

Shi ya sa na ce wa ƙanena ya sayi Martini-Henry samfuri na biyu ko na huɗu, daga dillali mai rajista wanda zai rubuta masa rasit da bayanin kayan, ya kuma yarda a mayar idan ta zama jabu. Wanda ke Kano ko Katsina ko Zariya kuwa, shawarata kada ya fita neman saye. Ya fara da abin da ke gidansu, ya daidaita takardunsa, in kuma riƙewa za ta zame masa nauyi, ya ba gidan tarihi aro ko kyauta da sunan kakansa, irin Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Kaduna. 'Yan uwa na Nijar suna da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.

Kowacce ka samu, abu biyu nake roƙo. Na farko, ka ɗauka a ɗure take har sai wanda ya san aikin ya tabbatar ba haka ba. Adaka takan kwana shekara hamsin da albarushi a cikinta, kuma albarushin toka ba ya mutuwa da tsufa. Ana ganewa ta hanyar zura sandar ɗuri a ciki, a yi alama, a fito da ita a gwada da tsawon bututun daga waje. In ta gaza kaiwa gindi, akwai abu a ciki. Kada ka gwada harba ko ɗaya daga cikinsu don jin ƙara. Ƙarfen da ya shekara ɗari da hamsin yana iya fashewa a fuskarka.

Na biyu, kada ka goge ta. Wani ɗan baffanmu, da kyakkyawar niyya, ya taɓa ɗaukar takardar yashi ya bi bututun adakarmu daga baki har kusan rabi kafin a tsayar da shi, wai yana so ta yi ƙyalli kafin sallah. Yau rabin fari ne fat kamar cokali, rabin kuma yana nan da launin ƙasa-ƙasa da shekaru suka ba shi. Abin da ya goge ba zai dawo ba. Ɗan mai kaɗan a tsumma mai laushi ya ishi ƙarfe, a kiyaye kada ya taɓa fata. A nesanta ta da bangon ƙasa saboda gara, a duba ta sau biyu a damina saboda tsatsa, a kuma raba ta da rana da iskar hunturu masu tsaga ƙota.

Da muka gama waya da ƙanena, washegari na tafi wurin Baffa, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga kakanmu yana saɓa adakar. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye wayata a kan tabarma tana ɗaukar murya, na ce, "Baffa, bindigar nan ta Malam, daga ina ta zo?" Ya yi shiru, ya ce a ɗauko masa ita. Ya ɗora ta a cinya, ya shafa jar fatar nan da tafin hannu, ya ce ba Malam ne ya naɗa ta ba, mahaifinsa ne, a shekarar da ya dawo daga fataucin goro a Gwanja. Ya yi magana kusan awa ɗaya. Na rubuta duka a takarda uku, na sa kwanan wata, na tura wa ƙanena hotonsu, na ninke na asali na ajiye tare da takardun gida.